Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Ga Marubuta Da Daraktocin Kannywood: Sirrin Tsofaffin Finafinan Soyayya Masu Ban Dariya

Zuwa ga marubuta labari, daraktoci da furodusoshin Kannywood,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ya aiki, ya haƙuri da jama'a? Allah ya ƙara rufa asiri, ya sa albarka a sana'a.

Abin da ya sa muka ɗauki alƙalami wani giɓi ne da muka daɗe muna gani a finafinanmu. An raba gida biyu. Ga camama can, ana guje-guje da zage-zage da faɗawa kwata. Ga santimental nan, ana kuka da waƙa da ciwon zuciya. In ka ga dariya a fim ɗin soyayya, to wani ɗan barkwanci aka ɗauko, maigadi ko direba ko ɗan aike, ya yi nasa na minti uku ya wuce, jarumi da jaruma su ci gaba da langaɓar da kai. Amma fim ɗin da masoyan biyu su ne ke sa ka riƙe ciki, kuma su ne ke sa ka ƙagu ka ga an ɗaura musu aure, wannan da wuya ka same shi a kasuwarmu. Alhali Amurkawa sun mai da shi sana'a tun daga shekarun 1930 har zuwa wajen 1960, Indiyawa suka ɗauka suka yi nasu, kuma har gobe ana kallon waɗancan finafinai marasa kala ana ƙyaƙyatawa. Muna so mu kwance muku su kamar yadda bakanike ke kwance inji, ku ga abin da ke juya su.

Mun san amsar da za a fara ba mu: ai Turawa an sakar musu mara, mu kuwa ga addini, ga al'ada, ga Hukumar Tace Finafinai ta Jihar Kano tun 2001, namiji ba ya taɓa mace a gaban kamara. To ku sani su ma a wancan zamani da takunkumi suke aiki. A 1930 kamfanonin fim na Hollywood suka amince da wasu ƙa'idoji da ake kira da sunan Will Hays, daga watan Yulin 1934 kuma aka kafa ofis ƙarƙashin Joseph Breen wanda sai ya karanta rubutun fim kafin a ɗauka, sai kuma ya sa hannu kafin manyan silima su nuna. Haka aka tafi har 1968. Takunkuminsu bai kai namu tsauri ba, gaskiya ne, don suna riƙe hannu. Amma batsa a baki, da nuna kwanciya, da ƙawata zina, duk an hana. Marubutan sai suka zuba basirarsu wajen neman yadda za a nuna mutum biyu suna son juna alhali akwai shamaki a tsakaninsu, kuma a nan daɗin ya fito.

Ku ɗauki It Happened One Night, wanda Robert Riskin ya rubuta, Frank Capra ya ba da umarni, ya fito a Fabrairun 1934, 'yan watanni kafin a ɗaure igiyar tamau. 'Yar wani hamshaƙin attajiri ce ta yi auren da ubanta ke neman warwarewa tun ba a tare ba. Uban ya tsare ta a jirgin ruwansa a Florida, ta faɗa ruwa ta tsere, ta shiga motar dare mai zuwa New York. A ciki ta gamu da ɗan jaridar da aka kora daga aiki, kuma a kan kujera suka fara rikici. An sace mata jaka, guzurinta ya ƙare, shi kuma ya gane ko 'yar wace ce, ya ce zai kai ta in za ta bar masa labarin ya sayar wa jarida. Da tafiya ta tsaya aka kwana a masauki, kuɗinsu bai isa ɗaki biyu ba. Sai ya ɗaura igiya tsakanin gadaje biyu, ya rataya bargo, ya ce wannan ita ce ganuwar Yariko, wato ganuwar nan da Littafi Mai Tsarki ya ce ta rushe da aka busa ƙaho.

Ku lura da yadda aka yi amfani da bargon nan, don shi ne ƙashin bayan fim ɗin. Sau uku ya fito. A daren farko abin dariya ne, ita tana tsoro, shi yana tsokana. A karo na biyu ta riga ta kamu, ta zagayo bargon ta faɗi abin da ke ranta, ya ce ta koma makwancinta, sai bargon ya zama abin tausayi. A karo na uku an riga an ɗaura musu aure, ba a ma nuna su ba, an ji busar ƙaho, an nuna bargo ya faɗi ƙasa, fim ya ƙare. Minti 105, Clark Gable da Claudette Colbert ba su sumbaci juna ba ko sau ɗaya, kuma fim ɗin ya kwashe manyan kyaututtukan Oscar guda biyar: fim, darakta, jarumi, jaruma da rubutu. Sannan ku dubi yadda aka tabbatar da son. Uban ya sa ladan dala 10,000 ga wanda ya gano masa 'yarsa. Ɗan jaridar ya zo ofishinsa da takardar lissafi, ya ce shi abin da tafiyar ta ci masa kawai yake so, dala 39 da santi 60. Daga nan uban ya gane komai, ɗan kallo ma ya gane. Da a wurinmu ne, da an tsaya a lambu ana "ina son ki fiye da raina" har sau bakwai. Indiyawa sun ga amfanin wannan gini, suka sake shi a Chori Chori na Raj Kapoor da Nargis a 1956, suka kuma a Dil Hai Ke Manta Nahin na Aamir Khan da Pooja Bhatt a 1991. Dattawan da suka ci zamanin silimar Plaza da Orion da Eldorado a Kano sun san ɗanɗanon irin wannan labari ko da ba su san asalinsa ba.

Abin takaicin shi ne mu ba ma bukatar ƙirƙiro bargo, a gida muke da shi. Zance a soro, tabarma biyu, ga ƙaramin ƙane an zaunar a tsakiya yana cin gyaɗa yana kai rahoto cikin gida. Yaron da ake aika ya yi sallama da wance, ya je ya kira yayarta. Kunyar suruki, da sunan da ba a faɗa. Tela namiji da ba zai sa wa mace tef ba, sai dai ta kawo tsohuwar riga ya auna, ya san faɗin kafaɗarta da tsawon hannunta bai taɓa ɗaga ido ya dube ta sosai ba. Kowanne a cikin waɗannan zai riƙe fim guda. Sharaɗin shi ne a zaɓi abu ɗaya da ido ke gani, a nuna shi a cikin minti ashirin na farko, a dawo da shi a tsakiya da wata ma'ana dabam, a biya bashinsa a ƙarshe. In ya fito sau ɗaya an yi asararsa. In ya fito sau shida ya gundura.

Sai abin da zai ɗaure su wuri ɗaya. Mutum biyu da ba sa shiri, in babu dole, kowa zai kama gabansa, fim ya mutu a minti na goma. Saboda haka tsofaffin nan kullum sai sun tanadi dole: mota ɗaya, shago ɗaya, aiki ɗaya. Kuma rashin shirin ya zama yana da tushe a halin kowannensu. Ita ta saba a yi mata, shi ya saba ya yi da kansa. Ita ba ta iya ƙarya ba, shi da ita yake cin abinci. Kowa yana da rabin gaskiya, kowa yana da abin da zai koya daga ɗan'uwansa. Inda ake kuskure a rubutunmu shi ne a mai da ɗaya waliyyi ɗaya shaiɗani: yarinya mai girman kai da rashin kunya, saurayi talaka mai haƙuri, a ƙarshe duniya ta koya mata hankali ta zo tana kuka. Wannan wa'azi ne, kuma ba wanda ke dariya a wurin wa'azi. Ga mu da wasan taubasai, da na Kanawa da Zage-zagi, da na Fulani da Barebari, inda ake jifan juna da magana mai kaifi ba a jin haushi, kuma kowa yana ramawa. Da wannan ma'auni ya kamata a auna jarumi da jaruma: in ya jefa ɗaya, ta mayar da ɗaya da rabi.

Maganar ƙarya tana bukatar a tsaya a kanta, don a nan rubutu ya fi lalacewa. A Gol Maal na Hrishikesh Mukherjee, 1979, wani saurayi ya samu aiki wurin maigidan da ya ɗauka duk namijin da ba shi da gashin baki ba mutumin kirki ba ne. Maigidan ya hango shi a filin wasan hoki ranar da ya nemi izini da uzurin ƙarya. Don kada ya rasa aikin, sai ya ce ai tagwaye ne su, wancan ɗan'uwansa ne marar gashin baki. Ƙarya ɗaya ke nan, ƙarama, kuma kowa ya san zafin rasa aiki. Amma sai maigidan ya ɗauki tagwayen ƙaryar ya koya wa 'yarsa waƙa, sai aka bukaci gashin baki na manne, sai aka bukaci uwa ta aro. Kowace fitowa ƙaryar tana haihuwa. A The Shop Around the Corner na Ernst Lubitsch, 1940, ma'aikata biyu ne a wani shago a Budapest, ba sa ga maciji, alhali kowannensu ya mutu a kan wanda yake musayar wasiƙa da shi bai san fuskarsa ba, kuma su ne dai. A tsakiyar fim shi ya gane, ita ba ta gane ba sai a ƙarshe, ɗan kallo kuwa yana gaba da ita. Daɗin ke nan: mai kallo ya riga ɗan wasa sani, ya zauna yana jiran tulu ya fashe.

Ku gwada wannan da abin da aka saba yi. Jaruma ta hango jarumi da wata a mota, ashe ƙanwarsa ce, ta kashe waya, aka yi minti arba'in ana kuka. Kafin ku amince da kowace rashin fahimta a rubutu, ku yi mata tambaya ɗaya: in kalma ɗaya za ta warware ta, me ya hana a faɗa? In amsar ita ce marubuci bai so ba, a yaga shafin. Dole faɗin gaskiya ya zama yana da tsada, ko aiki zai tafi, ko mutunci, ko ita kanta yarinyar.

Sannan agogo. Roman Holiday na William Wyler, 1953, gimbiya ce ta sulale daga masaukinta a birnin Rum, kuma yini guda kacal take da shi kafin ta koma. His Girl Friday na Howard Hawks, 1940, editan jarida ne tsohuwar matarsa ta zo ta shaida masa gobe za ta auri wani, yau za su hau jirgin ƙasa, duk dabarar da zai yi sai a cikin waɗannan 'yan awoyi. Finafinan mata da miji da suka rabu suna neman hanyar komawa sun yi yawa a wancan zamani, mu kuwa muna da yaji da biko da kome, har da idda wadda ita kanta ƙidayar kwanaki ce, in an nemi shawarar malamai aka taɓa ta da ladabi. Saura kwana uku Sallah ɗinki bai fito ba, agogo ne. An sa rana, agogo ne. A nan ne fim mai dogon zango ke cutar wannan nau'i, don tsokanar da za ta yi armashi a minti 95 in aka ja ta zango uku sai ta koma gardama. Wanda ya nace sai ya yi don YouTube, ya yanke adadi tun farko, kashi shida ko takwas, ya rubuta na ƙarshe kafin ya ɗauki na farko.

Ga ma'aunin da muke ba da shawara a fim guda. Shafin rubutu ɗaya kusan minti ɗaya ne a allo, amma hirar barkwanci ta fi haka sauri, don haka fim ɗin minti 95 zai ci shafi 100 zuwa 115. Su haɗu kafin shafi na 10. Dole ta ɗaure su kafin na 25. A wajen na 50 ɗaya ya gane ya kamu, ya ɓoye. A wajen na 75 asiri ya tonu a gaban wanda bai kamata ya ji ba. Abin da ya rage na gyara ne, kuma gyaran ya zo ta aikin da ɗayansu ya yi da hannunsa wanda ya ci masa wani abu. Kada a ɗauko hatsarin mota ko gadon asibiti a ce su za su sasanta.

Duk wannan ba zai yi aiki ba in ana ba 'yan wasa labari da baki a lokeshan a ce kowa ya faɗi abin da ya zo masa. Ibro, Allah ya jiƙansa, yana iya haka don baiwa ce, amma hirar mutum biyu mai amsa-amsa sai an rubuta ta kalma da kalma. A His Girl Friday, Hawks ya so Cary Grant da Rosalind Russell su riƙa hawa kan maganar juna kamar yadda mutane ke yi in gardama ta yi zafi. Dabarar da aka yi ita ce a ƙara kalmomi marasa nauyi a farko da ƙarshen kowace jimla, ta yadda su ne za su cakuɗe, cibiyar maganar ta fita tas. Hausa tana da sauƙin wannan: "to wai ni", "ka ga dai", "ai kuwa", "ko ba haka ba". A lokacin ba su da na'urar ɗaukar murya daban-daban, sai mai sauti ya riƙa kunna makirufo ɗaya yana kashe ɗaya yayin da ake wasa. Ku yau kuna da sauƙi: a maƙala wa kowa nasa, kowace murya a layinta, edita ya daidaita. Kafin ranar ɗauka a zauna karatu aƙalla sau biyu da agogo a hannu. Fitowar da ta wuce minti uku ba tare da wani abu ya sauya tsakaninsu ba, a rage ta. Kuma marubuci ya guji sa su faɗi abin da ke ransu kai tsaye. Habaici da gugar zana da baƙar magana su ne jarinmu. Budurwar da ta ce wa tela "Allah ya sa dai alƙawarin aurenka ya fi na ɗinkinka" ta gama magana.

Kamara kuma a ja ta baya. Tsofaffin daraktocin nan sukan ajiye mutum biyun a hoto ɗaya, daga gwiwa ko ƙugu zuwa sama, su bar su su yi wasa ba yanka. Dalili shi ne rabin dariyar tana fuskar mai sauraro, kuma tazarar da ke tsakanin jikinsu ita ke gaya mana inda soyayyar ta kai: a farko taku huɗu, a tsakiya biyu, a ƙarshe faɗin tabarma. In ana yanka daga fuskar wannan zuwa ta wancan a kowace jimla, an kashe duka biyun. Ɗaukar fuska kusa a adana ta don wuri uku ko huɗu a duk fim ɗin. A cire ƙarar nan ta katun da ake sawa bayan kowace magana don a sanar da mutane an yi abin dariya, a rage kiɗan da ke bin hira tun daga farko har ƙarshe. Kuma a bar wa dariya wuri. Billy Wilder, a wata fitowa ta Some Like It Hot na 1959, ya ba Jack Lemmon wasu 'yan caki biyu yana kaɗawa bayan kowace magana, don kada dariyar 'yan kallo ta haɗiye magana ta gaba. Hanyar gano wannan ita ce a tara mutum talatin ko arba'in waɗanda ba su da hannu a aikin, maza da mata, a nuna musu kafin a rufe tacewa, a ɗauki sautin ɗakin. Inda suka yi dariya a ƙara daƙiƙa biyu. Inda suka ciro waya a yanke.

Abokin takara kada ya zama mugu mai bin bokaye. A His Girl Friday, wanda tsohuwar matar editan nan za ta aura mutumin kirki ne, ɗan inshora, mai ladabi, sai dai ba ya iya bin saurin tunaninta, shi ya sa zaɓin nata ya zama zaɓi na gaske. Waƙa kuwa ba mu ce a bari ba, amma a sa ta inda baki ya kasa, kuma in ta ƙare a tarar wani abu ya sauya. Biyu sun isa.

Ba cewa muke a yi wankiya ba, wato kwafar fim ɗin wasu, an sha mu da ita. Kuma finafinan nan suna da nasu dattin: giya da taba a kusan kowace fitowa, namiji yana yi wa mace tsawa har da ɗan duka a ce wasa ne, baƙar fata in ya fito to bara ne ko ɗan dako. Wannan a bar musu kayansu. Ba kuma dole ne a ƙare da biki ba. A Roman Holiday gimbiya ta koma gidan sarauta, ɗan jaridar da suka yi yinin tare ya fasa buga labarin da zai kawo masa kuɗi, aka miƙa mata hotunan da aka ɗauke ta a ɓoye a gaban taron manema labarai, ya juya ya fita shi kaɗai. Audrey Hepburn ta samu Oscar da shi.

Roƙonmu kafin ku buɗe shafin rubutu na gaba: ku zaɓi ɗaya daga cikin finafinan nan ku kalle shi sau uku. Na farko don nishaɗi. Na biyu a kashe murya, a dubi inda kowa ya tsaya da lokacin da ake yanka. Na uku da takarda da biro, a rubuta mintin da kowace fitowa ta fara, wa ke neman me, wa ya san abin da wani bai sani ba. His Girl Friday minti 92 ne, haƙƙin mallakarsa ya faɗi a Amurka tun 1968 saboda ba a sabunta ba, ana samunsa kyauta a intanet. Da shi za ku fara.

Wassalam.

Naku,
Wasu ma'abota nazarin fim da koyar da rubutun labari